Abin Da Kan Sa Kafiretar Tsohuwar Mota Ta Yi Yoyo Bayan An Gyara Ta

Akwai wani ƙorafi da masu tsofaffin motoci suka sha yi a gaban makanikai, har ya zama kamar karatun da aka haddace. Mutum ya kai motarsa gareji, an sauke kafireta, an wanke ta tas, an sa mata sababbin gaskit da roba, ya biya kuɗin kaya da na aiki, amma kafin a kwana uku sai warin fetur ya cika masa mota, in ya ɗaga bonet kuma ya tarar da jikin kafiretar jiƙe sharkaf. Mai mota ya ce makanike bai iya aiki ba, makanike ya ce kayan da aka sayo jabu ne. Sau da yawa dukkansu biyu ba su gano bakin zaren ba, domin sababbin kayan nan da ake sayarwa cikin 'yar leda takarda ce da roba da allura kurum, ba su miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, ba su kuma rage ƙarfin famfon da ke turo mai fiye da kima.

Wannan batu ya shafi jama'ar ƙasar nan fiye da yadda ake zato. A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, a shekarar ce kuma kamfanin Volkswagen ya fara nasa a Legas. Lokacin ya zo daidai da biyan ƙarin albashin nan na Udoji, saboda haka ma'aikatan gwamnati da yawa motarsu ta farko ko dai Peugeot 504 ce, wadda jama'a ke kira Fijo, ko kuwa Volkswagen Beetle mai inji a baya. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har zuwa wajen 2006, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa, ita kuwa Beetle ta ƙarshe an ƙera ta ne a garin Puebla na ƙasar Meziko a 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21. A yau waɗannan motoci sun kasu biyu: wasu na can suna jigilar buhuna a hanyoyin ƙauye, wasu kuma 'ya'ya sun gaje su daga iyaye, sun yi musu fenti, suna tattalinsu kamar ƙwai. Kusan dukkansu da kafireta suke aiki, galibi ƙirar kamfanin Solex na Faransa.

Yadda take aiki

Kafin a fahimci dalilin yoyo, tilas ne a san abin da ke faruwa cikin kafireta. Aikinta shi ne ta gauraya iska da fetur a bisa wani ƙayyadadden awo, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai in an auna nauyinsu, sa'an nan ta miƙa wa inji. Iskar takan bi ta wani maƙogwaro da ya tsuke a tsakiya. Wani masani ɗan ƙasar Italiya, Giovanni Battista Venturi, ya bayyana tun 1797 cewa abu mai gudana in ya ratsa matsatsin wuri gudunsa kan ƙaru, ƙarfin matsinsa kuma ya ragu. Wannan raguwa ce ke zuƙo fetur ta wata 'yar ƙofa ya fesu cikin iskar.

Daga ina man ke zuƙowa? Daga wani ɗan kwano da ke jikin kafiretar. A cikin kwanon akwai wata 'yar gora mai iyo, wadda makanikai ke kira fulot, a samanta kuma akwai allurar bawul. In famfo ya turo mai kwanon ya fara cika, sai fulot ya taso ya danna allurar ta toshe mashiga. In inji ya sha mai ya ragu, fulot ya sauka, allura ta buɗe. Duk wanda ya taɓa leƙa tankin ruwan bayan gida na zamani ya ga irin wannan dabara. Wilhelm Maybach, injiniyan nan na Jamus, ya yi amfani da ita a kafiretarsa ta 1893, kuma ba ta sake zani ba har zuwa lokacin da na'urar fesa mai ta injekta ta ture kafireta daga sababbin motoci a Amurka da Turai a farkon shekarun 1990.

Abin lura a nan shi ne, an tsara man da ke cikin kwanon ya tsaya 'yan milimita kaɗan ƙasa da bakin ƙofar da yake fita. In ya haura wannan iyaka, ba ya jiran a zuƙo shi, zuba zai yi da kansa, ya bi maƙogwaro, ya fito ta ramin numfashin kwanon, ya jiƙa gaskit ɗin murfi, ya gangaro ta jikin sandar totur. Wanda ya gani daga waje sai ya ce gaskit ya lalace, alhali gaskit ɗin ba a yi shi don ya zauna cikin mai ba tun farko. Wannan ambaliya, wadda ake kira obafulo a gareji, ita ce uwar yawancin yoyon da ake gani bayan gyara.

Neman mafarin man

Saboda haka makanike mai hankali ba ya fara kwance noti sai ya ga inda man ke ɓullowa. Fetur yana da saurin bazuwa, ɗigo ɗaya kan jiƙa fili mai faɗi, kuma kullum ƙasa yake gangarawa, watau inda aka ga ya taru ba lalle ne nan ya fito ba. Hanyar da aka saba bi ita ce a goge kafiretar ta bushe ƙarau inji na sanyi, a barbaɗa mata garin alli ko hodar jarirai, a ta da inji a fili inda iska ke kaɗawa, a zuba ido. Wuri mafi tsawo da garin ya fara yin duhu, nan ne mafari. Daga nan sai a kashe inji, a cire matacin iska, watau iyakilina, a haska tocila cikin maƙogwaron. In ana ganin mai na ɗiga a ciki bayan inji ya tsaya, to, magana ta koma kan allura da fulot da famfo.

Allura ita ce abin zargi na farko, ko da kuwa sabuwa ce fil. Ƙwayar tsatsa ko ɓarɓashin roba da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya hana ta rufewa. Abin takaici shi ne, aikin gyaran ne da kansa kan jawo wannan datti: in an fizge tsohuwar tiyo aka sake cusa ta, cikinta kan ɓarɓashe, ɓarɓashin kuma ba shi da wurin zuwa sai bakin allura. Haka nan tankin motar da ta shekara 40 ba ya rasa tsatsa a gindinsa. Wanda ya wanke kafireta ya bar tanki da matacin mai yadda suke ya yi wanka ne ya mai da tsohuwar riga. Gwajin allura ba wuya: a kifar da murfin kafiretar yadda allura za ta danne, a hura iska ta mashigar mai da 'yar tiyo mai tsabta, in iska ta wuce, allurar ba ta rufewa.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da almajiran gareji kan raina, watau washar da ke ƙarƙashin mazaunin allura. A kafiretar Solex ta Beetle kaurin wannan washa ne ke ƙayyade tsayin mai cikin kwano. Samfurin 34 PICT-3, alal misali, washa mai kaurin milimita 0.5 aka tsara masa, wasu samfurorin da suka riga shi kuwa tasu ta fi haka kauri. Ledar kayan gyara takan zo da washa iri biyu ko uku domin ta yi wa samfurori da yawa, in yaro ya ɗauki wadda hannunsa ya fara kaiwa ya ɗaura, to, ya sauya tsayin mai bai sani ba. Lambar samfurin na nan a rubuce a jikin kwanon, karanta ta kawai ake bukata.

Shi kuwa fulot iri biyu ne. Na tagulla ƙoƙo ne mai iska a ciki, an haɗa shi da dalma, kuma da tsufa yakan yi ɗan tsagu da ido ba ya gani, mai ya shige shi, ya yi nauyi ya nutse. A girgiza shi kusa da kunne, in an ji motsin ruwa ya mutu. In ba a ji ba, a tsoma shi cikin ruwan zafi da aka sauke daga wuta: iskar da ke ciki za ta kumbura ta fito da kumfa daidai inda ya huje. Na roba marar ƙoƙo ba ya yin kumfa, jiƙewa yake yi sannu a hankali, sai an gwada nauyinsa da na sabo ake ganewa. Wasu makanikai kan liƙe na tagulla da dalma, amma dalma nauyi gare ta, in ta yi yawa an warkar da huji an haifar da obafulo.

Famfon da ya fi ƙarfin allura

In allura da fulot lafiyarsu lau amma ambaliya ba ta daina ba, sai a waiwayi famfo. Wannan shi ne wurin da aka fi yin asarar kuɗi, domin mai mota kan sayi kayan gyara sau biyu sau uku, har ya sayi wata kafiretar, alhali cutar ba a jikinta take ba. Ƙarfin da fulot ke danna allura da shi ɗan kaɗan ne. Kafiretar Solex da Weber da SU irin na ƙananan motocin Turai ba su son matsin da ya wuce kimanin fam 3 bisa ma'aunin psi. Famfon lantarki na motar injekta kuwa yakan tura fam 40 zuwa 60. To, a ƙasar nan an saba in famfon asali ya mutu a ɗauko na lantarki daga kasuwar kayan gwanjo a ɗaura, ba tare da an tambayi motar da aka ciro shi ba. An ma sha ganin akasin haka, inda aka cire wa motar Tokunbo injekta aka ɗora mata kafireta, aka bar famfon cikin tanki yana aikinsa na da. Ba allurar da za ta iya tare wannan ƙarfi, sai an sa famfo mai ƙaramin matsi, ko na'urar rage matsi tare da tiyon da ke mai da rarar mai tanki.

Ko famfon asali na Beetle ma yana da nasa tarko. Wata sanda ce daga cikin inji ke tura shi, kuma sandar iri biyu ce: mai tsawon milimita 108 ta tsohon famfo, da mai milimita 100 ta famfon da aka yi wa injin da ke da altaneta. In aka haɗa famfo da sandar da ba tasa ba, ko dai ya ƙi ba da mai, ko ya yi ta tura shi da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida har ya lalace. In bambancin matsin kaɗan ne, ƙara gaskit a ƙarƙashin famfon kan rage shi. Duk wannan ba a sanin sa da ido, sai an sa geji tsakanin famfo da kafireta, kuma gejin nan bai kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba, amma garejin da ke da shi ƙalilan ne.

Sai yoyo na ainihi, wanda ke fita ta mahaɗa. Jikin yawancin tsofaffin kafiretoci an zuba shi ne da gaurayen tutiya, watau zinki, ƙarfe mai taushi. Shekara da shekaru ana ɗaure notunan murfi da iyakar ƙarfin hannu, sai kunnuwan murfin su lanƙwasa ƙasa, tsakaninsu kuma ya yi doro. Sabon gaskit ba ya cike wannan giɓi, ƙara ɗaurewa kuwa ƙara lanƙwasawa ne, in ma zaren notin bai cinye ba. Magani shi ne a ɗora murfin a kan gilashi mai kauri a duba ko yana rawa, in yana yi a shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashin, a jiƙa ta, a riƙa goga murfin a hankali ana juya shi har fuskarsa ta yi haske bai ɗaya. Wajen mayarwa a bi notunan a gicciye, kaɗan kaɗan, da ƙarfin yatsu uku. Haka ake yi wa ɗan murfin famfon totur mai notuna huɗu, wanda ke danne 'yar fatar roba da ake kira dayafuram. In an sa ta a karkace ko an tsuke gefenta, duk sa'ad da direba ya taka totur sai ta tofar da mai waje.

A nan ya kamata a yi magana a kan gam. Babu al'adar da ta fi yi wa kafireta illa kamar shafa mata gam ɗin silikon. Fetur na kumbura shi ya mai da shi kamar kunu, guntayensa su faɗa kwano su toshe jet ko su maƙale a bakin allura, watau maganin yoyo ya zama sanadin yoyo. Farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa ma guntayensa kan toshe jet ko su maƙale a bakin allura. An yi gaskit ɗin kafireta ne a sa shi a bushe, washar jan ƙarfe ko ta fiba da ke ƙarƙashin manyan notuna kuwa sau ɗaya take matsuwa, ba a maimaita ta.

Zafi da sabon fetur

Wani yoyon ba ya bayyana sai an kashe mota. Direba ya dawo daga tafiya cikin zafin watan Afrilu, ya ajiye ta, bayan minti goma wari ya tashi, in ya zo tayarwa kuma ta yi ta gardama. Dalili shi ne fanka ta tsaya, zafin inji ya hau kafireta, fetur kuwa gauraye ne na sinadarai da wasunsu kan fara tafasa tun ƙasa da digiri 40 na ma'aunin Salsiyos. Man cikin kwano ya tafasa ya yi kumfa ya malala cikin maƙogwaro, ya taru a kan faifan totur da ke rufe, ya sulalo ta gefen sandarsa. Akwai wani faifai mai kauri, mai hana zafi wucewa, da masu ƙera wasu motocin suka sa tsakanin kafireta da manifol saboda wannan. Makanikai da dama kan jefar da shi suna zaton tarin tsohon gaskit ne. In sandar totur ɗin tana girgiza cikin raminta, ta ci ne, sai mai injin tona ƙarfe ya sa mata bushin. Ledar kayan gyara ba ta da maganin wannan.

Shi kansa fetur ɗin ba irin na 1975 ba ne. Ƙasashe da yawa yanzu suna gauraya shi da sinadarin etanol. A Birtaniya, tun watan Satumba na 2021 fetur na yau da kullum ya koma mai ɗauke da etanol har kashi 10 cikin 100, aka kuma shawarci masu tsofaffin motoci su riƙa sayen wanda bai wuce kashi 5 ba. Etanol na busar da tsohuwar roba ta tsattsage, yana jawo danshi daga iska, danshin kuma ya ci tutiya ya bar farin gari a gindin kwano. Ɗan'uwansa metanol ya fi shi ɓarna, kuma masu motoci a Nijeriya sun ɗanɗana a watan Fabrairu na 2022, lokacin da kamfanin NNPC ya tabbatar cewa an shigo da fetur mai metanol daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Saboda haka ledar kayan gyaran da ta shekara 30 a kan kanta, ko da ta asali ce, ba abin alfahari ba ce. An fi son allura mai bakin roba irin ta Viton, da tiyo mai ɗauke da lambar R9 a jikinta.

Mai karatu na iya cewa ɗigo ne kawai. To, a ƙaddara ɗigo 30 ke cika mililita 1: ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya kusa lita guda ke nan cikin awa 8 na tafiya. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura naira 1,000 a wasu garuruwa a ƙarshen 2024, lissafin ba na wasa ba ne ga mai albashi. Amma kuɗi ne ƙaramar asara. Tururin fetur ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ƙasa yake kwanciya, kuma in ya kai kimanin kashi 1.4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya ishe shi.

Beetle ce ta fi suna wajen irin wannan gobara, kuma an san dalilin. Bututun tagullar da tiyon mai ke shiga a jikin kafiretarta ba zare gare shi ba, cusa shi aka yi da matsi. Da tsufa da jijjiga yakan saki, musamman in an rataya matacin mai a tsakanin famfo da kafireta nauyinsa na jan sa, ko an murɗa shi wajen cire tiyo lokacin gyara. In ya fita inji na gudu, famfo zai ci gaba da fesa fetur a kan inji mai zafi, ga rarraba wutar fulogi nan dab da wurin, direba kuma na gaba bai san abin da ake ciki a baya ba. Kwankon injin akwai sinadarin maganiziyam a cikinsa, wanda in ya kama da wuta ruwa ba ya kashe shi. Masu kula da irin wannan mota kan ja bututun da yatsa su ji ko yana motsi, su ɗaure shi da waya a jikin notin murfi, ko su sa a yanka masa zare, su kuma mai da matacin mai wajen ɗakin inji. Tiyonta na asali milimita 5.5 ne, na kwatan inci da ya fi samuwa a kasuwa ya ɗan fi faɗi, ba ya kamawa sosai sai da kilif.

Man da ya malala ciki kuwa bai ɓace ba. Yakan gangara ta manifol ya shiga silinda, ya wanke man da ke jikin bangonta, ya wuce ringi ya gauraya da baƙin mai. A Beetle, da yake tanki na gaba inji na baya, in an ajiye ta a gangare hancinta na sama kuma allura ba ta rufewa, mai na iya tsiyaya dare guda ba tare da an kunna komai ba. Saboda haka bayan kowace irin ambaliya a zaro gejin baƙin mai a duba a kuma sansana. In ya haura layi ko yana warin fetur, a juye shi kafin a sake ta da inji, in ba haka ba metal ɗin karanshaf ne za su biya.

Ranar da aka mai da kafireta kan mota, gwajin farko a fili ake yin sa, nesa da mai walda da mai shan taba, da mutum biyu: ɗaya a kan makulli, ɗaya yana kallon inji, tukunyar kashe gobara mai gari, irin wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke tambaya a hanya, tana kusa da hannu. A bar inji ya yi zafi, a taka totur sau da yawa, a kashe, a jira minti 15 a sake dubawa, domin yoyon zafi a lokacin yake fitowa. Bayan kwana biyu ko uku a sake bin notunan murfi da sukuddireba a hankali, saboda sabon gaskit kan ɗan lotsa bayan ya sha zafi da sanyi.